Ƙwaya, zarra ko ɗan dako?

1/ Jama'a, ina fassara wani bayani kan maganin ciwon daji, kalmar "nanoparticle" ta tare min hanya. A kawo ɗauki.

2/ Magani ne ake ƙunshewa cikin wani ɗan mitsitsin abu, a sa shi a jini ya kai shi inda ƙari yake. Doxil, wani magani irin wannan da Amurka ta amince da shi a 1995, wajen nanomita 100 ne, nanomita kuwa mita ce aka raba gida biliyan. Shi "nano" daga Girkanci yake, ma'anarsa wada.

3/ "Ƙwayar nano" na fara rubutawa, na goge. Bahaushe ya ji ƙwaya, hankalinsa na kan ta haɗiya, ko ta 'yan shaye-shaye. Zarra kuma ta fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

4/ Ni dai "ɗan dakon nano" ya kwanta min, don da shi matsalar ke faɗuwa a sauƙaƙe. Jijiyoyin jinin ƙari a huhhuje suke, ta nan yake silalewa ciki, kamar yadda Matsumura da Maeda suka nuna a Japan a 1986. To amma da ya fito sai ya tarar ruwa ya cika wurin maƙil, ba magudana, ga zaren kolajin, furotin mai riƙe naman jiki, a saƙe kamar tabarma. Nan zai sauke kaya a zaure, ƙuryar ɗaki ko ƙanshi ba ta ji ba. Ga hanta da saifa na tare masu yawa tun a hanya. Masu bincike a Toronto sun tattara gwaje-gwajen dabbobi a 2016, suka ga abin da ke isa ƙarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

5/ Babba ya fi daɗewa a jini, ƙarami ya fi shiga lungu. Shi ya sa ake gwada na nanomita 100 wanda in ya isa zai fashe ya saki 'yan nanomita 10. Wasu kuma losartan suke gwadawa, maganin hawan jinin nan, don ya sassauta saƙar.

6/ Wannan shigar "kutsawa" na kira ta, ba "ratsawa" ba. Ruwa ke ratsa ƙasa, shi kuwa ture shi ake yi.

7/ Inda na maƙale: na cikin man kariya daga rana ba kaya yake ɗauka ba, ɗan dako bai hau shi ba. "Ɓurɓushin nano" zai yi? Likitoci da malaman Hausa, me kuka gani?