Abin da aka tattara kan labaran dawowa rayuwa da ramuwar gayya

To jama'a, ga taƙaitawar ra'ayoyin da masu karatu suka bayar a tattaunawarmu kan irin waɗannan labarai.

1. Kusan kowa ya yarda abin da ke riƙe mu shi ne jarumar da aka zalunta ta mutu ta farka a baya tana sane da duk makircin da za a ƙulla mata, nima wallahi nan zuciyata ke sanyi.
2. An koka da jan labari, shawara a duba ko an kammala kafin a fara biyan kuɗin buɗe babi.
3. Kan ramuwa aka rabu, wasu na so ta rama har ƙarshe, wasu sun ce in ta wuce gona da iri ta zama irin waɗanda suka cuce ta.
4. Da yawa sun gaji da kullum matar uba ce muguwa.