Ranar da King Faisal ta faɗi daga Firimiya, ina kake?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarar 2023 har yau ba ta sake ni ba. Ƙungiyarmu King Faisal ta Kumasi ta faɗi daga gasar Firimiyar Ghana tare da Tamale City da Kotoku Royals, ga kuma wasan ƙarshe na kofin FA na jiranta. Kowa ya faɗi yadda ya ji.

Tela na Alabar: Ina shago, rediyo a kan keken ɗinki. Da aka tashi wasa yarona ya ce, "Maigida, ai saura kofi." Na yarda da shi kuwa. Sai Dreams FC ta zura mana 2 da nema. Rigunan mutane suka kwana ban ko sa musu maɓalli ba.

Baba na Sabon Zango: Ku yara ne. Mun faɗi a baya, muka yi shekaru a ƙaramar gasa. Can ba kujera ba rumfa, a tsaye ake kallo, ƙura har cikin haƙori, ka biya kuɗin mota daga aljihunka zuwa ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba. Da aka ƙara ƙungiyoyin Firimiya zuwa 18 a 2019 aka dawo da mu tare da Great Olympics, muka ja muka zauna a ƙasan teburi. Korona ce ta sa aka soke kakar a 2020. Allah Ya yafe mana, amma a majalisarmu ba wanda ya yi baƙin cikin sokewar.

Ɗan Aboabo: Baba, Allah Ya ƙara girma, wannan kam ba a faɗa da ƙarfi.

Hajiya mai waakye: Ni ba ƙwallo nake kallo ba, ciniki nake kallo. Ranar da za a kara da Kotoko a filin Baba Yara, tukunya biyu ba ta isa. Mijina ɗan Kotoko ne, kullum gorinsa su ba su taɓa faɗuwa ba. Na ce masa to, Sammy Kuffour, tsohon ɗan wasan Bayern Munich, dai daga hannun Alhaji Grusah, wanda ya kafa King Faisal, ya fito.

Ɗan Nima: Gaisuwa daga Accra. Mu 'yan Oly, wato Great Olympics, mun ci gasa a 1970 da 1974, duk da haka shekara ɗaya bayanku, a 2024, muka biyo sahu. Baba, a matsa mana wuri.

Baba na Sabon Zango: Ɗana, zo da hular rana, ba inuwa a nan.