Darasin haske: yaushe ake ɗaukarsa layi, yaushe ake ɗaukarsa igiya?

Ɗalibin shekarar farko, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina shekarar farko a fannin fizik a nan Maradi, kuma bana muna darasin haske. A kashi na farko an koya mana cewa haske yana tafiya a miƙe, muna zana shi da rula, muna lissafin yadda yake dawowa daga madubi da yadda yake karyewa idan ya shiga ruwa ko gilashi. Da muka shiga kashi na biyu sai aka ce haske igiya ne, wato yana tafiya kamar igiyar ruwa mai tudu da kwari, yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa, har ma haske biyu suna iya haɗuwa su ba da duhu. To wanne ne gaskiya, kuma ranar jarrabawa yaya zan gane wanda ya dace da tambayar da ke gabana? Matsala ta biyu ita ce, lissafin gilashi mai tara haske da ke littafinmu na Faransanci bai yi daidai da wanda ke littafin Turanci da aka kawo mini daga Katsina ba. Allah ya saka da alheri.

Mushe mai ritaya, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kashi biyun nan ba su saɓa wa juna ba, kuma abin da ke raba su shi ne girman kafar da hasken ke bi idan aka gwada shi da tsawon zangon hasken, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na gaba. Hasken da ido ke gani tsawon zangonsa yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700, wato bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Taga, madubi da gilashin tabarau sun fi wannan girma sau dubbai, saboda haka bazuwar da hasken ke yi a gefensu ba ta kai a lura da ita ba, sai mu zana layi kawai, lissafi kuma ya fito daidai. Idan kafar ta ƙanƙance ta koma ƙasa da milimita, to zanen layi ya daina ba da amsa, dole a koma ga igiya. Ka duba sauti: zangon muryar mutum yana iya kai mita guda, kusan faɗin ƙofar ɗaki, shi ya sa kake jin mai magana a cikin ɗaki ko da ba ka tsaya daidai ƙofar ba, amma ba ka ganinsa.

Saboda haka a jarrabawa ka fara duba ma'aunan da aka ba ka. Idan ka ga madubi, ruwa, ma'aunin karya haske n, da tazara a santimita, aikin layi ne, kuma dokar Snell-Descartes, n₁ sin i₁ = n₂ sin i₂, ita ce za ta fitar da kai, inda i₁ da i₂ su ne kusurwar shigar haske da ta karyewarsa, ana auna su daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar ruwan ko gilashin, n na iska kusan 1 ne, na ruwa 1.33, na gilashi kusan 1.5. Idan kuwa aka ambaci tsawon zango da kafofi masu faɗin kashin milimita, aikin igiya ne. Ga misali na gwajin kafa biyu da Thomas Young ya yi a farkon ƙarni na 19: tazarar layukan haske a kan allo ita ce i = λD/a, inda λ tsawon zango ne, D nisan allo, a kuma tazarar da ke tsakanin kafofin biyu. Idan jan haske ne mai nanomita 650, kafofin suna da rabin milimita a tsakaninsu, allon kuma yana nesa da mita 2, za ka samu milimita 2.6. Duhun da ya ba ka mamaki yana fitowa ne a wurin da tudun igiya ɗaya ya faɗa kan kwarin ɗayar, suka soke juna, kuma ƙarfin hasken bai ɓace ba, ya taru ne a layukan da suka fi haske.

Kada ka ga kamar kai kaɗai abin ya rikita, domin manyan masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna jayayya a kansa. Huygens ya wallafa ra'ayin igiya a 1690, Newton ya fitar da littafinsa na haske a 1704 yana karkata ga cewa haske ƙwayoyi ne, kuma ra'ayin Newton ne ya rinjaya har zuwa aikin Fresnel a 1818, wanda ya yi lissafin haske a matsayin igiya. A lokacin ne wani masani, Poisson, wanda bai yarda da ra'ayin igiya ba, ya ce idan lissafin Fresnel gaskiya ne, to za a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwar faifai mai zagaye, abin da ya ɗauka ba zai yiwu ba. Wani masanin, Arago, ya gwada, ɗigon kuma ya bayyana. Ina son ɗalibanmu su kuma san cewa dokar karyewar haske da muke jingina wa Snell da Descartes, Ibn Sahl ya riga ya zana ta a Bagadaza a shekarar 984, kuma Ibn al-Haisam ne, a littafinsa Kitab al-Manazir da ya rubuta a Alƙahira, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ke fitar da shi ba.

Ɗaliba a shekara ta uku:

Mushe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙanena, bari in amsa tambayarka ta biyu. Littattafan biyu duk daidai suke, tsarin alamomi ne ya bambanta. Namu na Faransanci yana auna kowace tazara daga tsakiyar gilashi O, yana bin hanyar da haske ke tafiya, saboda haka abin da ke gaban gilashi tazararsa tana ɗaukar alamar ragewa, a rubuta 1/OA' − 1/OA = 1/f', inda A shi ne wurin abu, A' wurin hotonsa, f' kuma nisan matattara, wato tazara daga gilashi zuwa inda yake tara haske. Littattafan Turanci da yawa suna ba kowane abu na zahiri alamar ƙari, su rubuta 1/u + 1/v = 1/f, inda u nisan abu ne, v nisan hoto. Ɗauki gilashi mai nisan matattara santimita 10, ka ajiye kyandir a santimita 30: ta hanyar farko OA = −30, ta hanya ta biyu u = 30, kuma duka biyun suna ba da hoto a santimita 15 a bayan gilashin, a kife, girmansa rabin na kyandir. Shawarata ita ce ka riƙe tsarin da malaminka ke gyara takarda da shi, kada ka gauraya biyun a aiki ɗaya, kuma ka zana layukan haske uku da aka saba zanawa (mai bi ta tsakiyar gilashi, mai tafiya daidai da layin tsakiya, da mai bi ta matattara) kafin ka taɓa lissafi, domin zane zai nuna maka nan take idan alamar ta kuɓuce maka.

Mai aikin wayoyin sadarwa:

Ina da ɗan ƙari kan maganar Mushe, da izininsa. Ɗalibai sukan ɗauka cewa da zarar an shiga igiya, darasin layi ya zama tsohon yayi, alhali da shi ake cin abinci. Idan haske yana fita daga gilashi zuwa iska da kusurwar da ta wuce digiri 42, ko daga ruwa da kusurwar da ta wuce kusan digiri 49, ba ya fita ko kaɗan, gaba ɗaya yake komawa ciki, kuma a kan wannan tushe ne aka gina wayar gilashi da ke ɗaukar intanet. Kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta da tsakar rana lokacin bazara, a hanyar Madarunfa ko ta Zinder, ita ma karyewar haske ce: iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, n ɗinta ya fi ƙanƙanta, sai hasken sararin sama ya lanƙwaso a hankali ya shigo ido daga ƙasa, mutum ya ga kamar ruwa ne kwance. Haka kuma lambar +2 da ake rubutawa a tabaran karatu tana nufin nisan matattara santimita 50, wato 1 a raba da 2 a ma'aunin mita.

Mushe mai ritaya, Sabon Gari:

Gaskiya ne, kuma na ji daɗin wannan ƙari. Ɗana, ga gwajin da za ka iya yi a ɗakinka da dare. Ka samo ƴar fitilar leza mai jan haske irin wadda ake sayarwa a kasuwa, ka miƙe silin gashi ɗaya a bakinta, ka haska bango daga mita 2. Za ka ga ɗigo-ɗigo sun jeru a layi, a gicciye da gashin. Ka auna faɗin hasken tsakiya, daga duhu na farko a hagu zuwa na farko a dama, ka kira shi L, sai ka samu kaurin gashin da a = 2λD/L. Idan L ya kai kusan santimita 3, kaurin zai fito wajen milimita 0.09. Kada ka kalli lezar kai tsaye, kada kuma ka bari yara su haska wa juna ido da ita. Idan ka auna, ka kawo mana lambobin da ka samu mu duba lissafin tare.