Abin hannu bayan tiyatar rage ƙiba: dole ne ko tsoro ne kawai?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 4 ke nan da aka yi min baifas, wato tiyatar rage ƙiba da ake ƙaranta tumbi a haɗa shi da hanji ta sabuwar hanya, a Alƙahira. Ranar sallama likitan ya ce in nemi abin hannun nan na ƙarfe da ake zana bayanin lafiyar mutum a jiki, in riƙa sawa kullum. Maigida ya ce asarar kuɗi ce, wa zai tsaya karanta hannuna a asibitocinmu? Ni kuma na tsaya a kan cewa duk wanda aka taɓa masa tumbi dole ne ya sa. Ku raba mana gardama.

Alhaji na Kaduna: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Shekarata 5 da yin silib, wato wadda ake yanke yawancin tumbi a cire, ban taɓa sawa ba. Abin nan a Amurka ya samo asali, wani likita a Kalifoniya ne ya kafa MedicAlert, ƙungiyar da ke yin irin wannan abin hannu, a 1956 bayan 'yarsa ta kusa rasa ranta saboda maganin da jikinta bai karɓa ba. A can an koya wa ma'aikatan motar asibiti su duba wuya da hannu. Mu kuwa in hatsari ya faru a hanyar Zariya, jama'ar gari ne ke kwasar mutum a bayan a-kori-kura.

Sista: Alhaji, ka yi haƙuri zan saɓa maka. A sashen gaggawa nake aiki. In aka kawo mutum a sume, hannunsa nake fara kamawa, in ji bugun jini, in nemi jijiyar da zan sa ruwa. Ba yadda za a yi ƙarfe mai jan tambari ya wuce idona. Kuma aikinka da na Maman Biyu ba ɗaya ba ne. Kai an yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinka, amma hanya tana nan miƙe yadda Allah ya yi ta. Ita an bar mata 'yar jaka ce da ba ta kai girman ƙwai ba, wajen mililita 30, aka ɗinka ta da hanji. Wanda bai sani ba zai ɗauko robar nan da muke zurawa ta hanci zuwa tumbi, ya auna tsawon da ya saba, ya yi ta turawa har ta je ta daki ɗinki.

Yaya Babba: Sista, maganar robar nan ana zuzuta ta. Likitan da ya yi min aiki ya ce haɗarin ya fi yawa a makonnin farko, kafin ɗinki ya warke. Abin da nake tsoro shi ne a ga "kada a sa roba" a hannuna, ma'aikaci ya ji tsoro ya janye, alhali ina buƙatarta.

Sista: Gaskiyarki a nan, Yaya. Shi ya sa ba "kada a sa" ake rubutawa ba, cewa ake kada a zura ta da ka, sai likita ya san tsarin cikin. Amma ni ba robar ce ta fi tayar min da hankali ba. Diklofenak ne. Wa ya taɓa zuwa kemis da ciwon baya aka sallame shi ba tare da shi ko ibuprofen ba? Ga mai baifas waɗannan magunguna suna haƙa gyambo daidai inda aka haɗa jakar da hanji, ya yi ta zubar da jini ko ya huje. Allurar diklofenak ma ba ta tsira ba, don ta cikin jini yake ɓarnar. Na biyu, mai yawan amai bayan tiyata bitamin B1 ɗinsa na iya ƙarewa cikin 'yan makonni. In aka ɗaura masa ruwan sukari ba a fara ba shi bitamin ɗin ba, ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa.

Auta: Ni ya faru da ni. Bara na sha lemon kwalba a gidan biki, bayan kamar awa biyu gumi ya karyo min, hannuna na rawa, na zube a bakin ƙofa. Sukarina ne ya faɗi, kamar yadda yakan faru bayan irin wannan tiyata in an sha zaƙi. A ɗan asibitin da aka kai ni har an fasa kwalbar allurar ciwon jiki irin wadda Sista ta faɗa saboda na bugu a kafaɗa, ina jin ƙarar fasawar amma bakina ya ƙi motsi. Ƙanwata ce ta shigo da gudu ta ce a tsaya. Da ta makara a hanya fa?

Alhaji na Kaduna: Allah ya ƙara kiyayewa, Auta. To amma ku duba namiji kamata da awarwaro a hannu a sahun masallaci. Wani ya ce kayan mata ne, wani ya ce kambu ne. Kuma ban ga dalilin da zai sa kowa a kasuwa ya san an yi min aiki ba. Na rubuta komai a wayata, a wurin bayanin gaggawa da ake buɗewa ko da tana kulle.

Maman Biyu: Alhaji, waya ai ita ce farkon abin da ke fashewa ko ya yi ƙafa a wurin hatsari.

Yaya Babba: Ni kati nake ajiyewa a jaka tare da katin ɗan ƙasa. Ban yarda da kalmar "dole" ba har yanzu. Ga mai baifas kamar Maman Biyu, musamman shekarar farko, ko mai faɗuwar sukari kamar Auta, na yarda. Ga mai silib da ya warke shekara da shekaru, a bar shi ya zaɓa.

Sista: Jaka ma sau da yawa sai bayan awa guda dangi ke kawo ta. Alhaji, akwai na wuya da ke shiga cikin riga ba mai gani, akwai kuma ɗan faranti da ake maƙalawa a madaurin agogo. Maman Biyu, ki sa a zana da Turanci: irin tiyatar, shekarar da aka yi, gargaɗin magungunan nan, da lambar maigida. Kuma in Allah ya kawo rabo, ki faɗa musu a wurin awo tun ranar farko, don gwajin shan ruwan sukarin nan da ake yi wa masu ciki bai dace da mai baifas ba.

Alhaji na Kaduna: Na agogon zan iya dubawa. A ina ake zanawa?

Maman Biyu: Masu zana suna a jikin kofuna da lambobin yabo suna yi. Gobe in sha Allah zan kai musu rubutun Sista, in sun gama zan turo hoto ku gani ko harufan suna karantuwa.