Tambaya: kulorin yana ɓacewa a jarkokin waɗanda ambaliya ta shafa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin agaji. Mu 'yan sa-kai ne, muna raba ruwan sha a sansani daga tanki mai lita 5,000. Muna jiƙa giram 15 na garin kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari a ruwa lita ɗaya, mu gwada a bokitai don gano ma'auni, mu zuba a tanki, mu jira minti 30. A bakin famfo gwaji yana nuna miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita, daidai ƙa'ida. Amma in aka auna ruwan jarka da yamma, ko alamarsa babu.

Abu biyu muke zargi. Ruwan ba garau yake ba, ya haura NTU 5 (NTU ma'aunin gurɓacewar ruwa da laka ne), ƙila laka ce ke cinye sinadarin. Ko kuma dauɗar cikin jarkokin ce. Ƙara ma'auni kuwa muna ɗari-ɗari da shi, don da wari ya yi yawa sai mutane su koma ruwan kududdufi.

Shin mu fara kwantar da lakar da alif? Giram nawa a lita 1,000, kuma awa nawa za a jira? Jarkokin fa, da wane ƙarfin kulorin ake wanke su?