Kujera ko Dakali: Neman Sunan Abin da Ke Raba Famfo da Laka

'Yan'uwa masu sha'awar harshe, na kawo muku wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun da na fara rubuta bayanin yadda ake kula da famfon da ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin gini, wato sunan abin da ake ɗora famfon a kansa don raba shi da laka, kuma bayan na saurari shawarwarin da aka ba ni, ina so mu tsaya a kan magana ɗaya.

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa ganinsa ba. A gine-ginen da ke da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ko waɗanda ruwa ke tsattsafowa ta gindinsu, akan haƙa rami a wurin da ya fi ko'ina gangare, a shimfiɗa bututu masu huji-huji a kewayen harsashin ginin domin su riƙa tattaro ruwan suna zubawa a ciki. Ramin da aka fi amfani da shi a gidaje yana da faɗin kimanin inci 18 da zurfin kimanin inci 24. A cikinsa ake zaunar da famfo mai aiki da lantarki, wanda ke da wani ƙwallo mai yawo a kan ruwa: idan ruwa ya taso sai ƙwallon ya ɗaga ya kunna injin, idan ruwa ya ja baya sai ya sauka ya kashe shi. Wannan rami shi ne Turawa ke kira sump, famfon kuma sump pump.

Sunan ramin bai ba mu wahala sosai ba. An kawo kwatami, amma kwatami ruwan ƙazanta yake karɓa, wannan kuwa galibi ruwan sama ne da ruwan ƙasa. An kawo rijiya, amma rijiya ana haƙa ta ne don a sami ruwa, wannan kuma don a rabu da shi. Matattara ita ce ta zauna daidai, don haka muka ce matattarar ruwa, famfon kuma famfon matattara. Na san akwai masu cewa kalmar famfo ta fi karkata ga wanda ake murɗawa ruwa ya zubo, sai dai tun asali kalmar tana ɗaukar ma'anar na'urar da ke tura ruwa ko iska, kuma ƙarin matattara ya isa ya kawar da ruɗani.

Inda aka yi ta ja-in-ja shi ne wani ɗan ƙaramin abu da ake sakawa a gindin matattarar kafin a ɗora famfon, wanda a Turance ake ce masa stand. Ba za a gane dalilin jayayyar ba sai an san aikinsa. Ruwan da ke shigowa ta bututun ba tsarkakakke ba ne, yana ɗauko rairayi da laka da ƙananan tsakuwa, kuma da zarar ya natsu a cikin ramin sai waɗannan su kwanta a ƙasa. Shi kuwa famfon da ake nutsarwa, bakin da yake zuƙar ruwa da shi yana can ƙasa ne, wato daidai inda lakar take taruwa. Yawancin famfunan gida ba sa iya haɗiye abin da ya wuce rabin inci, wasu ma ba su kai haka ba. Na taɓa buɗe murfin wata matattara na tarar ruwa ya kusa kawowa baki, injin yana gurnani amma ko ɗigo ba ya fita. Da na ciro shi na kwance marfin ƙasa, sai ga wata tsakuwa da ba ta fi kan ɗan yatsa ba ta maƙale tsakanin farfelar da ke juyawa tana tura ruwan da bangonta, sauran wurin kuma laka ta dame shi baƙi ƙirin. Da an bar shi a haka na wani lokaci da injin ya ƙone. Ko da tsakuwa ba ta maƙale ba, rairayi yana cin farfela a hankali kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe, laka kuma tana iya riƙe ƙwallon ta hana shi tasowa.

To, aikin wannan abu shi ne ya ɗaga famfon sama da inci kaɗan, ya bar sarari a ƙarƙashinsa inda lakar za ta kwanta ba tare da ta kai bakin zuƙa ba. Sararin ba ƙarami ba ne idan aka yi lissafi, domin a ramin da faɗinsa ya kai inci 18, kowane inci ɗaya na zurfi yana ɗaukar kimanin lita 4, saboda haka ɗagawar inci 3 tana ba da wurin da ya kai lita 12. Galibi da roba mai ƙarfi ake yin sa, mai ƙafafu ko mai ramuka a jiki, don ruwa ya riƙa ratsawa ta ƙasa.

Wani ɗan'uwa ya ce mu kira shi maɗori, tun da a kansa ake ɗorawa. Ginin kalmar daidai ne a nahawu, amma kunnen Bahaushe ya riga ya ba wa mai ɗorin karaya wannan suna, kuma ba na jin za a iya ƙwace shi daga hannunsa. Wani ya ce mazauni, sai dai mazaunin famfo zai iya zama ramin kansa, ga shi kuwa muna neman raba su ne. An ambaci gammo, kuma na ji daɗin hoton, amma gammo abu ne mai taushi da ke rage zafin ɗaukar kaya, ba ya ɗaga kaya daga wani abu da ake gudu. Matokari kuwa daga gefe yake tallafa wa abin da ke neman faɗuwa.

Sauran biyu ne suka rage, dakali da kujera, kuma a nan nake so na ɗan daɗe. Masu goyon bayan dakali suna da hujja mai ƙarfi: dakali tudu ne da aka tayar sama da ƙasa, kuma kalmar tana da nauyin da ya dace da rubutun fasaha. Amma dakali ginanne ne, cikinsa a cike yake, ba a ɗaga shi, kuma babu abin da ke wucewa ta ƙarƙashinsa. Duk wanda ya karanta cewa a yi wa famfo dakali, abin da zai zo masa a rai shi ne ya kwaɓa siminti ya zuba a gindin ramin, wanda hakan zai cinye sararin da ake so laka ta kwanta, ya kuma sa ta taru a gefe har ta hau kan dakalin ta isa bakin famfon. Sunan da zai kai mai aiki ga yin kishiyar abin da ake nufi bai kamata mu amince da shi ba, komai daɗinsa a baki.

Kujera kuwa tana da ƙafafu, ƙarƙashinta a buɗe yake, ana ɗaukarta a wanke a mayar, kuma amfaninta shi ne ta raba mai zama da ƙasa. Waɗannan siffofi huɗu su ne ainihin siffofin abin da muke magana a kai. Ƙari a kan haka, kujera abu ne da aka san dole ya zauna daram ba ya rawa, kuma wannan ma darasi ne da sunan zai koyar. Mutane da yawa sukan jera bulo biyu su ɗora famfon a kai, amma injin yana jijjiga duk lokacin da ya tashi, kuma a hankali sai ya gusa har ƙwallon ya jingina da bangon ramin ya kasa motsi, ko famfon ya karkace ya ja bututun fitar da ruwa. Idan aka ce kujerar famfo, mai karatu ya san ana nufin abu guda da aka yi don wannan aiki.

An yi mini tambaya mai kyau, cewa ko sunan ba zai rikice da wani nau'in famfo da injinsa ke tsaye a kan dogon ƙarfe sama da ruwa, farfelarsa kaɗai ke ƙasa ba. Ina ganin a kira wancan famfo mai doguwar ƙafa, wanda ake nutsarwa kuma famfon nutso, sai kujera ta tsaya a matsayinta na abu dabam da ake sakawa a ƙarƙashi.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba su biyo bayan sunan a duk inda aka rubuta shi. Na farko, kada kujerar ta yi tsayi fiye da kima, domin duk incin da aka ɗaga famfon, an ɗaga matakin da ruwa zai kai kafin injin ya tashi, kuma idan matakin ya haura bakin bututun da ke shigo da ruwa, ruwan zai riƙa kwana a cikinsu da kewayen harsashin ginin. Na biyu, kujera ba ta fitar da laka, wuri kawai take ba ta. Dole ne aƙalla sau ɗaya a shekara a cire wuta, a ciro famfon da kujerarsa, a kwashe abin da ya taru. Wannan aiki ma yana da sunansa a Hausa tun tuni, wato yasa, kamar yadda ake yashe rijiya, don haka babu buƙatar ƙirƙirar sabuwar kalma.

Ga yadda jumlar za ta fito a cikin bayanin da nake rubutawa: a zaunar da famfon nutso a kan kujerarsa a tsakiyar matattara, a tabbata ƙwallon ba ya taɓa bango, sannan a yashe matattarar kafin laka ta kai saman kujerar.