Zan tura maiɗakina goyon ciki Nguroje, ga ruwa ya fara a kan dutse

Sani Mai Albasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune a Ketu. Maiɗakina 'yar Nguroje ce, can saman dutsen Mambila a jihar Taraba. Yayanta ne ya haɗa mu, tare muka yi dako da shi kafin Allah Ya buɗa mini na kama rumfa. Lokacin auren iyayenta ba su tsawwala mini ba, ko lefe sai da suka ce in rage, shi ya sa nake jin nauyinsu ƙwarai. Yanzu tana da cikin fari, surukata ta ce lallai a kawo ta kafin ƙarshen Afrilu. To jiya yayan ya kira ni ya ce garin ya rikice. Da safe rana, kafin azahar hadari ya haɗo da iska, wani lokaci har da ƙanƙara, da yamma hazo ya rufe hanya, ko fitilar motar da ke gabanka ba ka gani. A ƙasa kuwa, Bali da Serti, zafi ake zubawa. In tura ta yanzu ko in dakata? Na riga na biya kuɗin mota.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Wata nawa ne cikin? Me aka ce muku a wurin awo?

Alhaji Bala Direba:
Ƙanena, saurara. Na tsufa ina hawa dutsen nan da kaya. Tura ta yanzu. Daminar Mambila ba irin ta Kano ba ce, tun Maris ko Afrilu take farawa, ba ta ɗaukewa sai wajen Oktoba. Duk wanda ya ce ka jira gari ya daidaita, suna zai sa ka jira. Wannan somin-taɓi ne. Sai Agusta ƙasa ke shan ruwa ta ƙoshi, ta zaftaro kan titi. Ku kwana a Serti, ku yi sammako, ku bar Mayo Selbe da ke gindin dutsen da hantsi, kafin hadari ya haɗu kun kai Maisamari da ke samansa. Iskar kwari ce mai zafi ke hawa jikin dutsen da rana, in ta kai sama ta yi sanyi ta zama hadari, shi ya sa ruwan ya fi sauka bayan azahar. Direban da ya ce zai hau bayan la'asar, ku sauka daga motarsa.

Sani Mai Albasa:
Hajiya, wata bakwai ne, ya kusa shiga na takwas. Tana zuwa awo.

Maman Ilham:
Mai cikin wata takwas za ka ɗora a mota kwana biyu? Haba Malam Sani. Zaman kaɗai ya isa ya kumbura mata ƙafa, balle gargada da kwanoni. Ni haka aka yi mini a cikin fari, aka sa ni a mota daga Agege ni kaɗai da ƙanen miji, amai tun daga Ore. Maigidan bai leƙo ba sai ana gobe suna. Ku maza in dai an ce al'ada, ba ku tambayar wadda ke ɗauke da cikin.

Malam Usman Idi-Araba:
In da hali ku bi jirgi zuwa Yola ko Jalingo, a rage hanya. Amma ka fara zuwa wurin likita, don kamfanoni da yawa suna neman takardarsa in ciki ya wuce mako 28. Kuma ta tafi da rigunan sanyi da bargo, tudun wurin ya haura mita 1,500, wadda ta saba da gumin Legas za ta ji jiki da dare.

Alhaji Bala Direba:
Malam, jirgi ba zai hau mata dutsen ba. Daga Jalingo ma wuni za ta yi a mota. Ku bar wa masu hanya maganar hanya.

Ɗan Gembu:
Tun muna yara ake mana alƙawarin wutar Mambila, megawat 3,050, har mun yi furfura. Shayin Kakara namu ne, shanu namu ne, amma ruwa ya sauka sau biyu sai mace mai ciki ta rasa hanyar gidan ubanta. Allah Ya isa.

Maman Ilham:
Me zai hana ka aika wa surukarka kuɗin motar, ita ta zo?

Sani Mai Albasa:
Hajiya, ɗaki ɗaya gare ni. A ina zan ajiye ta, a ina za a dafa ruwan wankan jego a gidan haya? Kuma da wane baki zan ce wa dattijuwa ta taso? Ita ma maiɗakin tana so ta tafi, ba tilasta ta na yi ba. Jirgi kuwa ya fi ƙarfina, kasuwar albasa ba daɗi.

Malam Usman Idi-Araba:
To ka tambayi likitan?

Sani Mai Albasa:
Ranar awonta Laraba ce, motar kuma Litinin za ta tashi. Alhaji, akwai masauki mai kyau a Serti da mace za ta iya kwana?